Sunana ya faɗi a albashi, wace kalma zan sa a takardar koke?

Assalamu alaikum ƴan uwa, dan Allah a taimaka min da shawara. Wata biyu kenan kowa a wajen aikinmu yana jin alat ni shiru, da na je ofishin akanta suka duba suka ce ai sunana ne babu a jerin, in rubuto takarda da Turanci. Na je shagon masu kwamfuta nan Rijiyar Zaki yaron ya buga min "my name was excluded from the payroll", maigida ya karanta ya ce shi dai kalmar excluded ɗin nan ba ta kwanta masa ba kamar da faɗa a cikinta. Ni wallahi ba rigima nake nema ba, haƙƙina kawai, ga kuɗin makarantar yara ya zo.

Wata malamar Turanci: Wa alaikumus salam ƙanwata, maigidanki ya yi gaskiya. Exclude shi ne a san da mutum sannan a ware shi, asalin kalmar ma daga Latin ne, rufe wa mutum ƙofa. In kin sa ta kin ce da gangan suka yi kenan, kuma ba ki da hujja. Omit kike so, ita barin abu ne bai shiga ba, ko mantuwa ko ganganci ba ta yanke hukunci, sai ki ce "my name was inadvertently omitted", wato bisa kuskure, kin ga kin bar musu hanyar gyarawa ba tare da kowa ya ji kunya ba. Kan takardar ki sa "Omission of Name from Payroll". Ki lura omitted t biyu ne, omission kuma m ɗaya s biyu, nan ake yawan tuntuɓe.

Wani ma'aikaci: Hajiya ki guji removed ma, ni na taɓa sa ta, sai aka fara tambayata wa ya cire ni kuma laifin me na yi, magana ta ƙara tsawo a banza. Skipped tsallakewa ne kamar mai kiran suna ya haye naki, ta baka ce ba ta takardar ofis ba.

Wani ɗan kasuwar Kwari: Mu ma a ƙasan wasu rasit muna ganin E&OE, errors and omissions excepted, wato in an yi kuskure ko an manta wani abu za a gyara.

Mai tambaya: Na gode sosai Anti, Allah ya saka. To missing fa? don ita akantan ya faɗa.

Malamar: Ita halin da ake ciki kawai take faɗa, sunan babu, ba ta nuna yadda aka yi. Ki tsaya kan omitted, ki rubuta watannin biyu da lambar ma'aikacinki, ki yi hoto biyu su buga miki hatimin karɓa a ɗaya ki riƙe.