"Aure yaƙin mata": gargaɗi ne ko kirari?

Amaryar Ɗorayi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata magana ce ta tsaya mini a rai tun ranar Asabar, na ce bari in kawo ta nan.

Watana biyar da tarewa. Ciki da falo muke haya, ba wani abin a zo a gani ba ne, amma wallahi ina jin daɗin gidana. Na shuka zogale a jikin katanga, na'ana'a kuma a tsohon bokitin fenti. Kajina uku, ɗaya tana kwanci. In an kawo wuta sai in ƙulla zoɓo da kunun aya in sa a firji, yaran maƙwabta su saya, ribar nake zuba adashi duk Juma'a, in na kwasa keken ɗinki nake son saya. Da la'asar in share tsakar gida, in sa turaren wuta, in zauna ina sauraron ƙarar mashin ɗinsa. Ko mashin goma ne suka shigo layin, nasa daban nake jin sa. Wata rana ya shigo da tsire, wata rana rake ne kawai, mu shimfiɗa tabarma ya ba ni labarin kasuwa. Ya kuma yi mini alkawarin zan koma in ƙarasa NCE ɗina.

To ranar Asabar muka je suna gidan yayar maigidan. Ana hira aka ce amarya ya gida, na ce alhamdu lillahi, ni dai har yanzu ban ga abin da ake ta tsorata mu da shi ba. Sai wata gwaggonsu ta ajiye cokali ta ce, "Ke yarinya rufa mana baki, lallen farcenki ma bai gama fita ba. Aure yaƙin mata ne, ba ki ji ganga ba tukuna." Faccalata ta ce haba Gwaggo, a bar yarinya ta ji daɗinta mana. Nan fa magana ta zama cacar baki tsakaninsu, har aka tono wata tsohuwar rigimar gara da ban ma san da ita ba. Ni ko abincin kasa ci na yi.

Don Allah karin maganar nan me take nufi? Ana ce mini daɗin da nake ji na ɗan lokaci ne, ko kuwa kirari ne ake yi wa mata? Ni in na ji an ce yaƙi, abokin gaba nake dubawa, kuma ban gan shi a gidana ba.

Maman Sadiƙ:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Kwantar da hankalinki. Shekarata goma sha huɗu a ɗaki, kuma ni kirari na ɗauke ta. Namiji a da fagen fama yake zuwa a ce masa jarumi, mace kuwa ɗakinta ne fagenta. Ba a ce da mijin za ki yi yaƙin ba. Amma shawara ɗaya: in an tambaye ki a taro, ki ce alhamdu lillahi ki yi shiru. Ba kowa ne ya kwana kamar yadda kika kwana ba, kuma baki abin tsoro ne.

Bakatsine:
Ni wajen tsofaffinmu "haihuwa yaƙin mata" na sani. Ita ce mai ma'ana, don nan ne ake shiga ba a san ko za a fito ba, shi ya sa ake cewa barka da arziki. Wa kuma ya ɗauko aure ya kai shi bakin daga?

'Yar Maraɗi:
Duka biyun akwai su, Bakatsine. Mu nan arme muke cewa. Amma ran da za a kai ɗiya ɗaki ake faɗin ta, uwa na kuka ɗiya na kuka, ana riƙe da hannunta. Ba wurin suna ba, gaban dangin miji, bakin mutum cike da shinkafa. Maganar da uwarki za ta faɗa miki ta zama guzuri, in ta fito bakin wata a cikin taro habaici ce. Gwaggon nan wurin faɗi ta ɓata.

Malam Na Tudun Wada:
Jama'a mu riƙa lura, karin magana ba nassi ba ce. A Suratur Rum aya ta 21 Allah ya ce ya halitta mana matan aure daga jinsinmu domin mu natsu gare su, ya sanya soyayya da rahama a tsakani. Natsuwa aka ambata. Abin da baiwar Allah nan ta siffanta, tabarma da rake da hira, shi ne asali. Wanda gidansa ya zama sansani shi ya kamata a tambaya me ya faru.

Maman Sadiƙ:
Allah ya gafarta Malam, ayar gaskiya ce ba musu. Sai dai ba kai ke tashi ƙarfe uku dafa sahur da goyo a baya ba.

Ɗan Kwari:
To in aure yaƙin mata ne, mu ne dawakan, don a bayanmu ake hawa a je. Lefe akwati shida na yi, har yau in na ga akwati gabana faɗuwa yake. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin cefanen da nake ajiyewa da safe kunyar kallon juna muke ni da shi. Amarya, ki gode wa angonki da raken nan, jarumi ne. Kuma ku bar ta ta sha amarcinta, ai amarya ba ta laifi ko ta kashe ɗan masu gida. Ba ku ga waɗanda muka zaɓa ba? Su ma amarcin ake ce mana suna yi, a ƙara musu lokaci, shekara ta uku ke nan ba a buɗe musu kai ba.

Jikar Iya:
Amaryar Ɗorayi, zogalenki da kajinki sun tuna mini da kakata, Allah ya jiƙanta. Iya muke ce mata. Ku yi haƙuri zan ɗan ja.

Iya ba ta ƙirga shekaru da lamba. In ka tambaye ta yaushe aka yi aurenta, sai ta ce shekarar da aka kashe Sardauna, wato 1966. Wani ƙauye aka kai ta a ƙasar Ɗambatta, a kan doki, an lulluɓe ta ba ta ko ganin hanya. Kayan ɗakinta duka ba su wuce ƙorai goma sha biyu da tasoshi huɗu da tabarma da fitilar aci-balbal ba. Kakanmu manomin gero da gyaɗa ne, har ta koma ga Allah ba ta taɓa faɗin sunansa ba, Malam kawai.

Abin da ta fi ba mu labari shi ne gugar tasa. Ta ce duk Alhamis sai ta sauke jeren nan ta goge da toka da tsamiya, ta mayar, ta koma bakin ƙofa ta zauna tana kallo kamar ba nata ba. In Malam ya dawo daga kasuwa ba ya miƙa mata tsaraba a hannu, saboda kunyar tsohuwarsa da ke zaune a tsakar gida. Sai dare ya yi ta ɗaga matashi ta tarar da goro ɗaya fari, wani lokaci da 'yar alewa. Shi bai ce ya ajiye ba, ita ba ta ce ta gani ba.

Da kaka ta yi ya auna mata gyaɗa kwano biyar ya ce ta yi abin da ta ga dama. Ta soya, ta matse mai, ta yi ƙuli-ƙuli, ƙannensa na kai mata talla. Sulallan a wani ƙaramin tulu take zubawa, ta binne shi a ƙarƙashin gado. In sun taru ta aika a sayo mata tasa ɗaya ko langa ɗaya. Cikin shekara bakwai jere ya kusa taɓa rufi.

Sai ga canjin kuɗi a farkon 1973, aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo, fam ɗaya naira biyu, sule ɗaya kwabo goma. Aka yi ta cewa tsohon kuɗi zai daina karɓuwa. Iya ta kwana uku ba barci, don dole asirin tulu ya tonu. Daga ƙarshe ta haƙo shi ta ajiye a gaban Malam. Ya zazzage, ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, ya daɗe shiru, sannan ya ce, "Ashe da attajira nake zaune ban sani ba." Duk sanda ta zo nan a labarin sai ta rufe fuska da mayafi tana dariya, tsohuwa mai jikoki sama da talatin.

Ɗan Kwari:
Allah sarki. Ita har ta samu wanda zai canza mata. Mu a canjin 2023 kuɗinmu na banki muna kwana a layin mai POS, masu abin kuwa sababbin takardu suke liƙi da su a wajen biki.

Bakatsine:
Kai Ɗan Kwari bari ta ƙarasa mana.

Jikar Iya:
A wannan shekarar ce kuma damina ta ƙi. Farin da har yau tsofaffi ke ambato. Gero ya bushe a tsaye bai fitar da kai ba, shanu na mutuwa a bakin hanya. Rumbu ya ƙare tun sanyi bai wuce ba. Malam ya tafi cin rani Kano yana ga-ruwa, ya bar ta da yara uku da tsohuwarsa. Kuɗin tulu suka tafi a hatsi. Da suka ƙare sai ta juya kan jere. Ta kira dillaliya da dare ta ba ta tasa ɗaya, bayan kwanaki ta sake ba ta wata. Duk wadda ta cire sai ta jawo ƙwarya ta toshe gurbin, don kada baƙuwa ta shigo ta gane, a fita da magana cewa Malam ya gaza.

Ita a zatonta ba wanda ya sani. Surukar tata kuwa mace ce mai zafi, Iya ta ce shekara bakwai ba ta taɓa yaba mata miya ba. Wata rana da asuba ta dawo daga bayan gida ta ga wata tsohuwar tasa baƙa ƙirin a kan jerenta, a daidai gurbin da ta cire ta ƙarshe. Tasar auren tsohuwar ce. Ba ta ce komai ba, da gari ya waye ma faɗan gishiri ta yi mata kamar kullum.

Malam ya dawo gab da shuka da ɗan hatsin iri da langa ɗaya mai furanni ja. Ya shiga ɗaki ba ta nan ya ɗora a kan jere ya fita. Langar nan ni na gan ta da idona, a ciki take ajiye allura da zare da goronta.

Mun taɓa tambayarta wane lokaci ne ya fi mata daɗi a duniya. Mun zaci za ta ce shekarar da kawunmu ya kai ta Makka. Ta ce Makka daban ce, ba a haɗa ta da komai, amma in zaman gida ne, shekarar farko, lokacin tasoshi huɗu.

'Yar Maraɗi:
Kin sa ni hawaye. Farin nan mu ma ya ci mu, kakannina har yau da shi suke auna kowace yunwa. Allah ya jiƙan Iya da surukarta.

Uwar Biyu:
Allah ya jiƙanta. Amma ku duba da kyau, labarin nan Gwaggo ya goya wa baya. Shekara bakwai tana tara abu, wata nawa ya ɗauka ya watse? Kuma ita ce ke ɓoye gurbi don mutuncin namiji. In wannan ba yaƙi ba ne, mene ne? Ni abin da ke ba ni haushi, da wannan karin maganar ake mayar da mace gidan da ake dukanta, a ce je ki yi haƙuri.

Maman Sadiƙ:
Wannan kuma zalunci ne aka sa masa rigar karin magana. Iya da yunwa ta yi, kuma su uku ne a sahu ɗaya, har da mai faɗan gishiri.

Malam Na Tudun Wada:
Ni abin da na ɗauka shi ne goron ƙarƙashin matashi. Maza mu ji.

Ɗan Kwari:
Malam goro ɗaya yanzu nawa? Sai dai mu jira shekarar zaɓe, a zo da taliya da sabulu da atamfar da ba ta kai wanki biyu, mu sa musu a ƙarƙashin matashi. Akwai wata rijiyar burtsatse a unguwarmu, sau biyu ana yanka mata ƙyalle, har yau matanmu ga-ruwa suke jira.

Bakatsine:
Har yanzu dai ba wanda ya kawo mini hujjar cewa ba haihuwa ce asalin maganar ba. Jikar Iya, ita Iyar wanne take faɗi?

Jikar Iya:
Wallahi ban taɓa jin ko ɗaya a bakinta ba. Nata kullum shi ne mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Uwar Biyu:
To ai wannan ma sai an buɗe mata zaure nata daban, don ni da ita aka rufe mini baki ranar da na kai ƙara.

Amaryar Ɗorayi:
Na gode ƙwarai, na karanta duka, na Iya har sau biyu, na kuma karanta wa maigidan da daddare. Bai ce komai ba, sai tambaya ya yi ko langa har yanzu ana samunta a Kurmi.

Ɗazu da hantsi wani yaro ya yi sallama da ƙullin daddawa da kuka, wai in ji Gwaggo. Ba saƙon komai, haka kawai. Na rasa ko in kira ta in yi godiya ko in bari sai mun je da kaina. Sannan kazar nan ta ƙyanƙyashe, bakwai cikin tara. Masu kiwo, me ake yi wa shaho? Tun safe yake zagaya gidan.

'Yar Maraɗi:
Ki je da ƙafarki, ki kai mata zoɓonki mai sanyi. Tsaki kuwa ki kife su da kwando har su yi fiffike.

Ɗan Kwari:
Shahon layinmu ma zagaye ya fara, na ga an liƙa sababbin fastoci jiya.