Lambobin kanu sun ƙi daidaita a shafin ƙunshiya: wa ya taɓa fama da wannan?

Ɗalibar kundi

Assalamu alaikum jama'a. Yau kwana uku ina kokawa da shafi ɗaya tak a kundina, shafin ƙunshiya. Da Word nake aiki, kuma shi ya jero ƙunshiyar da kansa, ba ni na rubuta ta da hannu ba. Lambobin ne suka hana ni barci. 2.1 da 2.2 sun fito sirara kamar sauran rubutu, 2.3 ta fito da kauri, 3.4 kuwa nau'in rubutunta daban ne, har ta fi 'yan'uwanta girma. Sai in bi su ɗaya bayan ɗaya in gyara, shafi ya yi tsaf. Da zarar na danna F9 na ce a sabunta duka, sai komai ya koma gidan jiya. Sau huɗu ke nan. Don Allah wanda ya taɓa shiga wannan ya faɗa mana ta ina ya fita.

Tsohon mai tayifin

Wa alaikumus salam. 'Yata, daina taɓa shafin nan, aikin baban giwa kike yi. Duk lokacin da kika sabunta duka, rushe ƙunshiyar ake yi a sake gina ta daga kanun da ke cikin aikin. Can ciwon yake.

Na taɓa kwana a kan irin 2.3 ɗinki. Na je kan kanun, na shafa rubutun daga farko har ƙarshe, salonsa Heading 2, wato salon da Word ya tanada wa ƙananan kanu, kamar kowa, babu wani abu. Sai na danna Ctrl+Shift+8, alamomin da ke ɓoye suka bayyana. A ƙarshen kowane sakin layi akwai wannan alama ¶. Na zaɓe ta ita kaɗai, sai ga madannin B ya haska a sama. Ashe tun da farko, da na ƙara wa layin kauri da hannu, har da ita na haɗa, da na zo cirewa kuma na bar ta a baya. Lambar da kwamfuta ke sakawa da kanta daga wannan alama take ɗaukar kamanninta: in alamar ja ce, lamba ta yi ja, in mai kauri ce, ta yi kauri. Na zaɓi layin har da alamar, na danna Ctrl da sandar tazara tare, duk adon da aka yi da hannu ya zube, salon kaɗai ya rage. Na koma na sabunta, shike nan.

Mai haɗa rahoto

Baba ya faɗi gaskiya, amma ni tawa ba nan ta kwana ba. Mu uku muka rubuta rahoton shekara, kowa da fayil ɗinsa, aka ce ni zan haɗe. Ɗaya ya bar kwamfuta ta saka lamba. Ɗaya ya buga lambobinsa da hannu, ya bi su da tazara biyu, wani wurin uku. Ni kuma, tunda ana maganar gaskiya, rabi da rabi na yi. A ido duk ɗaya suke, sai a ƙunshiya asiri ya tonu.

Ga yadda nake rarrabe su yanzu. Ki danna kan lambar. In ta kwamfuta ce, za ta yi toka-toka gaba ɗayanta, ba za ki iya shiga tsakanin 3 da 4 ba. In kin shiga kin goge ɗigon, to da hannu aka buga ta. Na share duk na hannun, na tsaya a kan kanun farko na matakin farko, na buɗe Define New Multilevel List, na danna More, na ɗaure mataki na 1 da Heading 1, na 2 da Heading 2, na 3 da Heading 3, duk a zama ɗaya. Kuskuren da na fara yi shi ne shiga kowane salo daban ina saka masa lamba. Sai babi na huɗu ya buɗe da 3.7, don matakan ba su san juna ba.

Malama mai duba aiki

Nawa ƙarami ne. Wani babi ya fito da manyan baƙaƙe a ƙunshiya, wani da ƙanana, alhali a cikin aikin duk manya ne. Dalili: salon Heading 1 ne ke mayar da su manya, wannan kuma ba ya bin su zuwa ƙunshiya. Waɗanda suka fito manya, ɗalibin ne ya kunna Caps Lock ya buga su haka. Shift+F3, mai sauya baƙaƙe tsakanin manya da ƙanana, ya raba gardama.

Ɗan ajin ƙarshe

Yaya, ni dai na gaji ne na zaɓi ƙunshiyar duka na danna Ctrl+Shift+F9. Ta zama rubutu zalla, na gyara yadda nake so, babu abin da ya sake motsi.

Malama mai duba aiki

Har lambar shafi ma ba za ta sake motsi ba, ɗana. Ranar da aka ce ka ƙara shafi biyu a babi na ɗaya, za ka zauna ka ƙirga kowane layi da hannu. Na sha karɓar kundin da ƙunshiyarsa ta ce 47, in buɗe in tarar da abin a 52. In ya zama dole, ka yi wannan a kwafi na dabam, a daren da za a buga.

Mai haɗa rahoto

Na manta wani. In kanunki sun kai 1.10, ki duba ko rubutun da ke gabanta ya kauce wa layin 1.9. Tsakanin lamba da rubutu akwai tab, wato tazarar da ke tura rubutu zuwa wani wuri da aka tsayar, kuma in lamba ta yi tsawo ta wuce inda aka tsayar da shi, sai ta tura rubutun gaba. Wannan kam ba laifin kanu ba ne, a salon ƙunshiyar ake gyara shi: TOC 1 na matakin farko, TOC 2 na biyu, har zuwa TOC 9. Na shiga TOC 2 na ba tab ɗin fili da zai ɗauki lamba mafi tsawo da nake da ita. Gyaran da aka yi a salo ba ya gogewa in an sabunta.

Ma'abocin LibreOffice

Mu ma masu aiki da LibreOffice, wata manhajar rubutu irin Word, ba mu tsira ba, sunaye ne kawai suka bambanta. Namu salon Contents 1, Contents 2 ake ce musu, kuma ƙunshiyar a kulle take zuwa, ba ta yarda a yi mata rubutu da hannu sai ka cire kariyar. Da farko haushi abin yake ba ni. Da na karanta labarin Yaya na sau huɗu, na gode wa kullen. Ctrl+M ne namu na share adon hannu.

Ɗalibar kundi

Na dawo. Baba, Allah ya saka da alheri, alamar ¶ ce a 2.3, na gan ta da idona. 3.4 kuwa daga wani tsohon fayil na kwafo ta, lambar hannu ce, ta taho da nau'in rubutunta. Na sami irinta guda shida da ban ma lura da su ba. Saura ɗaya: an ce babi ya zama I, II, III, na canza, sai ƙananan kanun suka koma II.1 da II.2. Ni 2.1 nake so.

Tsohon mai tayifin

Amin, 'yata. Koma Define New Multilevel List da aka nuna miki ɗazu, ki zaɓi mataki na 2, ki sa alama a akwatin Legal style numbering. Ki yi wa mataki na 3 haka shi ma, sannan F9.