Wanda ya haɗa min shafi ya ɓace, domen ɗina ya kusa ƙarewa

Mai_Atamfa:
Salam 'yan uwa, don Allah ina neman shawara. Bara na ba wani yaro kuɗi ya buɗe min shafin shagona, ashe da imel ɗinsa ya yi rajistar domen ɗin, wato sunan shafin a intanet, yanzu saura sati biyu ya ƙare kuma layinsa baya shiga kwata-kwata. Ya zan yi?

Dan_Kwamfuta:
Kai Alhaji, ai nan aka yi kuskuren, domen haya ce ba saye ba, duk shekara sai an sabunta, kuma wanda sunansa ke kan rajista shi ne mai kaya a wurin kamfanin ko da kai ka biya. Ka duba a WHOIS, wato shafin da ke nuna bayanan rajistar domen, ka ga kamfanin da aka yi rajistar, ka tuntuɓe su da rasit da takardar CAC in kana da ita. Karshensa .com ne ko .com.ng?

Mai_Atamfa:
.com.ng ne malam

Dan_Kwamfuta:
To da sauƙi, NiRA, ƙungiyar rajistar domen ta Najeriya, ce ke kula da .ng, kamfanonin rajistar da yawa 'yan gida ne, da naira ma zaka biya.

Ummu_Hanif:
Nidai shawarata ka nemo yaron ko ta gidansu ne. Ya baka lambar EPP kawai, wato lambar sirrin domen ɗin, da ita ake maida domen asusunka. Kar ka bari ya faɗi, in lokacin sassaucin da ake bayarwa bayan ya ƙare ya wuce kuɗin fansa sai ya ninka na sabuntawa, in lokacin fansar ma ya wuce kowa na iya ɗauke sunan.

Mai_Atamfa:
Nagode Hajiya, gobe insha Allah zan je wajen yayansa a kasuwa.