Me za mu kira "mummers' play" da Hausa?

Assalamu alaikum jama'a. Wata kalma ce ta tsaya mini a maƙogwaro tun jiya ina cikin rubutu, na ce bari in kawo ta gaban masu harshe.

Turawan Ingila suna da wani wasa da suke kira mummers' play. A da galibi mutanen ƙauye ne ke yin sa, manoma da leburori, ba sana'arsu ba ce. Idan Kirsimeti ya gabato sai su yi shigar ɓad-da-kama, wasu har su shafa baƙin tukunya a fuska, su bi gida-gida da mashaya suna wasa. Labarin kusan ɗaya ne ko'ina. Jarumi Sen Joj ya fito yana yi wa kansa kirari, abokin gaba ya tare shi, su kara da takubban katako, ɗaya ya faɗi matacce. Sai a kira wani likita mai cika baki, ya zo da kwalbar magani ya tashe shi. Daga nan a miƙa ƙoƙon bara. Maganar duk a waƙe take, layi biyu-biyu masu amsa-amo, kuma rubutattun matanin da aka samu mafiya tsufa na ƙarni na 18 ne. Har yau a garin Marshfield ana fita ranar 26 ga Disamba cikin tufafin da aka lulluɓe da yankakkun jaridu. A Cheshire farkon Nuwamba ake yi, a Lankasha da Yokasha kuma lokacin Ista.

Wani malami ya ce in rubuta "wasan kwaikwayon gargajiya". Malam, na gode, amma rigar ta yi masa yawa. Langa da wasan gauta ma za su iya shigarta. Wata 'yar'uwa daga Damagaram ta kawo "wasan dodanni" saboda rufe fuska. Wannan kam ban karɓa ba. Dodo a kunnen Bahaushe abin tsoro ne, waɗannan kuwa dariya suke nema da ɗan na goro.

Ni abin da zuciyata ta kwanta da shi: tashen Turawa.

Ku duba fa. Lokaci guda a shekara, bi gida-gida, shigar ban dariya, waƙa, sadaka a ƙarshe. Duk wanda ya taɓa manna gemun auduga ya fita "Tsoho da gemu" bayan shan ruwa, daga goma ga azumi, ya san abin ba sai an yi masa dogon bayani ba. Likitan nan nasu mai lissafa cututtukan da yake warkarwa, ina gani na ce ai Jatau mai magani ne ya sauka a Ingila.

Na ji ƙorafin da aka yi, kuma yana da nauyi: tashe ɗan watan Ramadan ne, sunansa ma daga tashin mutane sahur ya samo asali. Gaskiya ne. Sai dai muna cewa "azumin Kirista" ba wanda ya ruɗe, kalma ta biyu ce ke fayyace na wane ne. An kuma ce nasu na magidanta ne, namu na yara. Ai mu ma manya na yi, a tambayi Kanawa labarin tashen Nalako, sarkin gwauraye.

Abin da ya ƙara ja na shi ne kalmar amateur da ake kiran masu wasan da ita, wato mai yin abu don sha'awa ba don sana'a ba, wadda ita ma ta wahalar da ni. "'Yan koyo" bai dace da dattijon da ya shekara talatin yana fitowa a likita ba. Da na ce 'yan tashe sai matsalar ta kau, don ba mai tambayar ɗan tashe ko sana'arsa ke nan.

Bambanci ɗaya na yarda a riƙa faɗa a fili: nasu yanzu akan rubuta shi, a raba wa kowa layukansa ya haddace, a yi gwaji kafin ranar fita. Namu a bakin yayye ake ɗaukarsa.

Don haka na rubuta tashen Turawa, inda ake buƙatar lokaci kuma tashen Kirsimeti ko tashen Ista. Iyayenmu da malamanmu na sashen Hausa, in akwai gyara ina sauraro kafin in miƙa rubutun ranar Litinin.