RAM bai cika ba, amma sabata tana shiga swap

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da saba (server) mai furosesa biyu, RAM 128GB, MySQL (manhajar adana bayanai) take ɗauke da shi a kan Linux. Kullum da yamma sai ta yi nauyi ta fara swap (kwashe bayanai daga RAM zuwa faifai, wato disk), alhali akwai wajen 40GB a zaune. Abin ya hana ni barci. Ina matsalar take?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam. Malam, buga numactl --hardware ka gani. Kowace furosesa da nata rumbun RAM, wato 64GB kowacce. Kanel, wato zuciyar Linux, yana fara ɗebo shafi (guntun RAM) ne daga rumbun furosesar da ta fara taɓa shi. In zare (thread) ɗaya ya loda buffer pool, wato wurin da MySQL ke ajiye bayanai a RAM, rumbu na 0 zai cika maƙil, kswapd ɗinsa (mai aikin swap) ya tashi yana kwashe shafuka, ga na 1 da sauran wuri.

Mai tambaya: Wallahi haka ne! Na 0 saura 300MB kacal.

Amsa ta biyu: To kunna innodb_numa_interleave, ko ka tayar da MySQL da numactl --interleave=all, don a rarraba shafuka tsakanin rumbunan biyu. Ɗebowa daga rumbun nesa ta fi ɗan jinkiri, amma ina za a haɗa ta da faifai? Ka kuma tabbatar vm.zone_reclaim_mode yana kan 0.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya ƙara basira. Bayan isha zan gwada.