Madubin kallon tsuntsaye: wanne zai jure ƙurar Zariya?

Ɗan Tudun Wada: Assalamu alaikum jama'a. Bainakula ta 8x42 ta daina isa ta a dam ɗin Kubanni, kirinjijiya na can tsallaken ruwa sai dai in ga ɗigo-ɗigo. Ina son madubin hangen nesa mai ido ɗaya, wanda ake ɗorawa kan ƙafa uku. Abin da na tara bai wuce kuɗin matsakaiciyar waya ba. Wanne zai daɗe?

Maman Ilham: Wa alaikumus salam. Ni ma ina saurare.

Baba na Samaru: Yaro, kafin kowa ya kira maka sunan kamfani, ji abin da ya same ni. Wani mai shago ya sayar mini da ɗaya, an rubuta 25-75x70 a jikinsa, wato kusantowa sau 25 zuwa 75, faɗin gilashin gaba milimita 70, ya ce ruwa ba ya shigarsa. Da rani lafiya lau. Damina na sauka, na fita bakin Galma da sassafe, sai hazo ya taru a cikin gilashin, ta ciki fa, inda hannu ba ya kaiwa. Ya bushe, ya sake dawowa. Kafin kaka fumfuna ta yi saƙa kamar yanar gizo a kan gilashin gaba. Na kai wa mai gyaran kyamara a Sabon Gari, ya buɗe ya nuna mini: babu zoben roba ko ɗaya a mahaɗar, gam ne kawai. Da hunturu ya zo ƙura ta bi ta wurin juya ido ta shige, yanzu in ka murɗa sai ka ji ƙasa na ƙara. Saboda haka abin da za ka fara nema shi ne wanda aka toshe da zoben roba aka cika shi da iskar naitirojin. In takardar cikin kwalin ba ta faɗi haka ba, bar masa kayansa komai arha. Kuma kada babbar lamba ta ruɗe ka. Raba faɗin gilashin gaba da yawan kusantowa: 70 a raba da 75 bai kai milimita ɗaya ba, hasken da zai iso idonka ke nan. Duhu kawai za ka gani.

Ɗan Tudun Wada: Allah Ya mayar da alheri, Baba. To wace lamba ce daidai?

Baba na Samaru: Gilashin gaba milimita 60 ko 65, kusantowa sau 20 zuwa 30. Da hantsi ya ɗaga kawalwalniya ke tashi a kan ruwa, ko na miliyoyi ka riƙe, a kusantowa sau 60 rawa hoton zai yi ta yi.

Injiniya Kongo: Ni Celestron Ultima 80 nake amfani da shi, 20-60x, mai lanƙwasa, wato wurin sa idonsa a karkace yake zuwa sama. Yana da haske da asuba. Nauyi ne dai, in a babur kake yawo za ka ji a kafaɗa.

Bakano a Zazzau: Zage-zagi da son babban abu! Ku zo Kano mu sayar muku da na kallon wata.

Injiniya Kongo: Kanawa ai ko shamuwa kuka gani sai kun tambayi nawa ne kilo. Amma kada wani ya ɗauki maganarsa da gaske, yawancin na kallon taurari a kife suke nuna abu.

Maman Ilham: Ƙanena, kowa na maganar madubi, ba wanda ya ambaci ƙafa. Ka ware kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗinka don ƙafa uku mai ƙarfi. Sirarar nan ta masu ɗaukar bidiyo da waya, iskar hunturu na kaɗawa zalɓe zai zama biyu. Kuma mai lanƙwasa ya fi miƙaƙƙe in da yara ake fita, ba sai an yi ta ɗagawa da saukewa ba.

Ɗalibi: Svbony SV406P fa? Yana da gilashin ED, kuma bai kai na kamfanin Vortex tsada ba.

Injiniya Kongo: ED na rage shuɗin layin nan da ke fitowa a gefen farin tsuntsu kamar balbela. In kuɗi ya kai, ƙaramin ED ya fi babba marar shi. Vortex na da garantin har abada, sai dai kai za ka san yadda zai isa Amurka.

Bakano a Zazzau: Na hannu fa? Ɗan gwanjon kamfanin Kowa ko na Nikon ya fi sabon da ba a san asalinsa ba.

Baba na Samaru: Gaskiya ne, amma ka haska tocilan ta gilashin gaba ka duba fumfuna kafin ka biya. A gida kuma kada ka rufe shi cikin jaka da damina ba tare da 'yan ƙunshin nan masu shan danshi na kwalin takalmi ba. Ƙura kuwa a hure ta tukuna, kada a goge da bakin riga.

Hajiya ta Gyallesu: Ni abin da ke damuna daban ne. Madubi a kan ƙafa uku, wanda bai sani ba zai zaci wani abu ne. Ku riƙa gaida mai unguwa kafin ku kafa, kuma ku nisanci wajen Kwalejin Jiragen Sama da barikin soja.

Ɗalibi: Haka 'yan APLORI, cibiyar binciken tsuntsaye ta Jos, ke gaya wa masu aikin taswirar tsuntsaye, a fara gabatar da kai ga mutanen gari.

Maman Ilham: Af, wa ya ga shamuwa bana? Tamu ba ta dawo kan tsamiyar ba tukuna.

Injiniya Kongo: Na ga biyu ta wajen Shika. Ɗan Tudun Wada, Asabar bayan sallar asuba ina Kubanni, zo ka leƙa nawa kafin ka kashe kuɗinka.

Ɗan Tudun Wada: In sha Allahu. Baba, ko za ka taho da naka mu ga fumfunar?