Injin dizal na shaƙewa idan an juya shi kan man girki

Jama'a, a taimaka. Injin tsohon yayi ne, famfonsa mai tura mai na kamfanin Bosch ne, tanki biyu gare shi, ɗaya na dizal ɗaya na man girki: a tayar da dizal, idan ruwan lagireto ya ɗumama man girkin zuwa digiri 70 sai a juya bawul, wato makunnin da ke mayar da injin kan man girkin. Man an tace shi har maikuron 5 (ma'aunin ƙanƙantar ramukan matata), an kuma ƙone ruwan cikinsa. Amma da an ɗora wa injin kaya sai ƙarfi ya faɗi, kumfa ta bayyana a tiyon da ke shiga famfo. An canja filta, an ɗaure kilif ɗin da ke matse tiyo, ba sauyi. A dizal kuwa lafiya lau.

Zargina kaurin man ne ke sa famfo zuƙo iska, tunda tiyon milimita 8 ne. A ƙara faɗinsa zuwa 10, ko a sa famfon lantarki kusa da tanki?